Za a yi wa mahaifina aikin kaba, me ya kamata mu sani kafin ranar?

Autan Baba ya rubuta:

Assalamu alaikum. Mahaifina manomi ne mai shekara 64, kuma kusan shekara uku ke nan yana fama da kaba a ƙasan mararsa ta ɓangaren dama. Kumburin yakan fito idan ya ɗaga buhu ko ya yi tari, ya koma ciki idan ya kwanta. Likita ya ce sai an yi aiki, har an ba mu rana nan da mako biyu. Baba yana shan maganin hawan jini da ƙaramar asfirin kullum, yana kuma shan wani jiƙo da aka haɗa masa a ƙauye. An ce kada ya ci komai da safiyar aikin, shi kuwa bai taɓa fita gida bai sha koko ba, kuma babban tsoronsa allurar barci, domin yana jin ana cewa wasu ba sa farkawa. Ina neman bayani daga masu ilimin abin.

Nas ɗin Ɗakin Tiyata ta amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka fara da batun kokon nan, domin shi ne ya fi jawo a ɗage wa mutane aiki. Idan aka sa mutum barci, jikinsa yakan daina tare abin da ke cikin tumbi, to in akwai abinci yana iya tasowa ya faɗa huhu, kuma wannan yana kisa. Abin da aka saba bi shi ne a bar abinci aƙalla awa shida kafin aiki, ruwa zalla kuma awa biyu, sai dai idan asibitinku ya ba da wani lokaci dabam, to nasu za ku bi. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Na taɓa tambayar wani dattijo ko ya ci abinci ya ce a'a, sai da muka kai ƙofar ɗakin jikarsa ta ce ai ya sha fura da asuba. Shi a wurinsa bai yi ƙarya ba, tunda bai tauna komai ba, amma haka muka mayar da shi gadonsa sai washegari.

Ka kuma gaya wa Baba kada ya ji haushi idan mutum uku ko huɗu suka tambaye shi sunansa da aikin da za a yi masa da ɓangaren da za a yanka. Ba mantuwa ba ce. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da ake tabbatarwa a matakai uku: kafin a ba da allura, kafin a sa wuƙa, da kafin a fitar da majiyyaci daga ɗakin. A ciki akwai tabbatar da cewa an yi alama a wurin da za a yi aiki, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, da ƙirga auduga da allurai da kayan aiki domin kada a ɗinke mutum da wani abu a cikinsa. Da aka gwada tsarin a asibitoci takwas na ƙasashe dabam-dabam, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari.

Likitan Allurar Barci ya amsa:

Abin da 'yar'uwa ta faɗa daidai ne. Game da tsoron Baba, sau da yawa aikin kaba ba ya buƙatar a sa mutum barci gaba ɗaya. Akan yi allura a ƙasan gadon baya wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafa na 'yan awoyi, mutum yana farke yana jin maganar mutane amma ba ya jin zafin yanka, wani lokaci ma wurin kawai ake kashewa. Duk da haka sai ya bar kokon, domin idan allurar ba ta kama sosai ba za a koma ga ta barci. A duk tsawon aikin akwai wanda ba shi da wani aiki sai lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa da awon jininsa, da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa tana nuna yawan iskar da ke cikin jini.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne magungunan. Ka tattara duk abin da yake sha a leda, har da jiƙon, ka kai wa likitocinsa tun wannan makon. Asfirin tana hana jini saurin daskarewa, amma kada ku dakatar da ita da kanku, domin ya danganta da dalilin da ya sa aka rubuta masa ita. Maganin hawan jini kuma wani akan ce a haɗiye shi da kurɓin ruwa da safiyar aiki, wani a ce a bar shi. Jiƙo kuwa ba mu san abin da ke cikinsa ba, shi ya sa mukan so a ajiye shi kamar mako biyu kafin aiki. Mutane da yawa suna ɓoye mana shi don gudun faɗa, alhali saninsa ne amfaninmu.

Kafin ranar, idan kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri da tsananin ciwo, ga amai ko rashin fitar bayan gida da iska, alama ce hanji ya shaƙe, ku tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Uwar Biyu ta amsa:

An yi wa maigidana irin wannan aikin bara. Kuskuren da muka yi shi ne ya sa hannu a takardar amincewa ba tare da an karanta masa ba, sai daga baya muka ji an sa masa wata raga a ciki don ta ƙarfafa wurin. Ragar ba ta ba shi matsala ba, amma ya so a ce ya sani tun farko. Baba ne zai sa hannu ko ya dangwala yatsa tunda yana cikin hankalinsa, saboda haka ka nemi a yi masa bayani da Hausa, ka tambayi sunan wanda zai yi aikin da irin allurar da kwanakin da zai yi a gado. Bayan aikin maigidana ya kasa fitsari har sai da aka sa masa roba na kwana ɗaya. An ce hakan yakan faru, musamman ga dattawa, don haka idan Baba yana da matsalar fitsari a faɗa tun yanzu. An kuma hana shi ɗaukar kaya masu nauyi na mako shida, kai ma ka shirya wanda zai riƙe gonar.

Autan Baba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba ya ce zai kira wanzami ya aske masa wurin kwana ɗaya kafin aikin, Inna kuma tana shirin gasa masa ɗinkin da ruwan zafi idan ya dawo. Shin akwai laifi?

Nas ɗin Ɗakin Tiyata ta amsa:

Ka ba su haƙuri su bar duka biyun. Aska da reza suna barin ƙananan yanka a fata inda ƙwayoyin cuta ke taruwa, idan ana buƙatar cire gashin mu za mu yi da injin aski a asibiti. Ya yi wanka da sabulu kawai. Ɗinkin kuma ba ya son gashi da ruwan zafi ko man shafawa ko garin magani, a bar shi a bushe a rufe har ranar da aka ce ku dawo. Idan kuka ga wurin ya yi ja ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kama shi, ku dawo da shi tun kafin ranar ta cika.