Sautin laftof ɗina yana tsittsinkewa da rana, da asuba kuma lafiya lau

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum, don Allah masana kwamfuta ku agaza min. Ina da wata laftof tokumbo da nake haɗa sautin talla da ita, shekararta uku a hannuna ko tari ba ta taɓa yi ba sai bazarar nan. Idan na kunna ta ƙalau take, amma da na yi kamar minti 20 ina aiki sai sautin ya fara ƙaraf-ƙaraf kamar ana suyar ƙosai, wani lokacin ma ya maƙale yana trrrr sannan ya wuce. Na canza sifika, na sa iyafis, na goge direban sauti na sake sawa duk a banza. Abin da ya ɗaure min kai da asuba ba ta yi sai rana ta take, ga fankarta tana ihu kamar injin markaɗe. Wani ya ce bairos ne in yi mata fomat, ni kuma ayyukan mutane ne fal a ciki.

Baban Ilham:
Wa alaikumussalam. Ƙanena kar ka yi fomat, ai ka ma faɗi ciwon da bakinka, zafi ne. Firosesar laftof, wato ƙwaƙwalwarta, idan ta kai wajen digiri 95 zuwa 100 da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, to shi kuma sauti ba ya jira, gutsure-gutsure ake tura shi kuma kowanne da lokacinsa, idan bafa ɗinka (wato girman kowane gutsure) tana kan samfur 256, sautin kuma samfur 44,100 ne a sakan, to duk gutsure bai kai kashi 6 cikin 1000 na sakan ba, firosesa na yin jinkiri kaɗan sai a samu giɓi, giɓin nan shi ne ƙaraf ɗin da kake ji. Hoto in ya ɗan tsallake ido ba ya kamawa, kunne kuwa ba a yi masa wayo.

Ka sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, kyauta ne, ka buɗe Sensors ka bar shi a gefe kana aikinka. Da sautin ya fara iskancinsa ka duba layin Thermal Throttling, in ka ga Yes magana ta ƙare. Ni a shago galibin waɗanda ake kawo min bayan hunturu ƙura ce ta dunƙule kamar auduga tsakanin fanka da haƙoran da iska ke fita, man kan firosesar da ke taimakawa wajen fitar da zafi kuma ya bushe ya zama alli. A cire batir, a share, a sa sabon mai ɗan ɗigo. In za a busa da bulowa a riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta wulwulawa. Kuma don Allah ban da man goge baki, na sha ganin wannan aika-aikar.

Ummu Sadik:
Malam a kan me kake ɗora ta tukuna? Ni tawa a kan katifa nake aiki da ita ashe duk ƙofofin iskar na toshe, sai da yayana ya yi min faɗa. Kafin ka kai gyara ka shiga Power Options ka mai da Maximum processor state daga 100 zuwa 99, hakan yakan kashe turbo, wato ƙarin gudun da firosesa ke yi, za ta ɗan rage kuzari amma zafin zai sauka sosai. Bafar ma ka ɗaga ta zuwa 512 ko 1024 in ba ɗaukar murya kake ba.

Injiniyan Gobe:
Ni dai ban yarda lallai zafi ne ba, ku dinga bincike kafin yanke hukunci. Tawa haka ta yi kuma ko ɗumi ba ta yi ba, da na duba Task Manager sai na ga ta tsaya cak a 0.79 GHz, ashe cajar da na saya ce ba ta asali ba, wasu laftof ɗin in ba su gane caja ba sai su daƙile firosesa. Ɗan Kurna ya gwada LatencyMon ma, manhajar da ke nuna direban da ke jinkirta sauti, direban waifai yana jawo irin wannan.

Baban Ilham:
Gaskiyarka injiniya, ana samun hakan. Amma ita caja ai ba ta san asuba da azahar ba.

Ɗan Kurna:
Allah ya saka muku da alheri. Yaya Baban Ilham na ga Yes ɗin nan jajir, digiri 98! Ummu Sadik ba katifa ba ce, kan dadduma nake ajiye ta wanda duk kanwar ja ce. Na kai an buɗe a gabana, abin da aka zaro daga bakin fankar har kunya na ji wallahi, kamar gashin tunkiya. Yanzu tun azahar nake aiki ba ta wuce 76 ba kuma sautin garau. Sai dai sau ɗaya na ji ƙaraf lokacin da nake tura fayil ta waifai, shi ma zafin ne ko maganar injiniya ce?

Injiniyan Gobe:
Yauwa an zo wajen. Kashe waifai ɗin ka sake gwadawa, ka turo min hoton abin da LatencyMon ya nuna a shafin Drivers.