Makanikai don Allah: ana iya mayar da ambireyaj ɗin moto 125 busasshe a buɗe murfin?

Ɗan Garin Malam:

Salamu alaikum iyayen gida da ƴan uwa. Ina da tambaya amma don Allah kar a yi mini dariya. Moto na 125 ne irin na China ɗin nan da kowa ke hawa, da rana ina kabu-kabu da shi tsakanin kasuwar Dole da Birni da Sabon Gari, wani lokaci har Mirya in an samu mai biya. To kwanan nan ambireyaj ɗin, kuloci dai, ya fara ba ni haushi, in na ɗauko mutum da buhu na sa giya ta uku ko ta huɗu na murɗa sai moter, injin dai, ya yi ta kuka amma gudun bai ƙaru ba, sai can daga baya ya kama a hankali. In da safe ne da sanyi ba ya yi sosai, sai rana ta take moter ya ɗau zafi.

Shi ne wani abokina ya nuna mini bidiyo a TikTok na wani babban moto Ducati, murfin gefe a buɗe kana ganin abin yana juyawa ja wur yana wani kacau kacau kacau, wlh ya burge ni ba kaɗan ba. Ya ce nasu busasshe ne babu mai a ciki shi ya sa ba ya santsi, ai mai ne ke kawo santsi. Na zauna na yi tunani na ga kamar da gaskiyarsa. To tambaya ta, ana iya yi wa nawa haka? A kai murfin wajen mai walda ya yanke gefen, a tsare mai kar ya je wurin, a sa resor, sifirin dai, masu ƙarfi? In zai yiwu tsuntsu biyu ke nan, santsi ya tafi kuma moto ya yi kyau. Jaka nawa zai ci?

Baba Mai Garaj, Zango:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba zan yi maka dariya ba amma ka ajiye zancen mai walda tukuna, in ka kai masa murfin nan ya yanke to ka fara neman kuɗin sabon moter.

Ka zo garaj wata rana ka tsaya in muna buɗe murfin dama na irin moton ka, ka gani da idonka. Ba ambireyaj kaɗai ne a ƙarƙashinsa ba. Akwai ƙaramin haƙorin da ke kan kurangashaf, wato sandar da fistan ke juyawa, yana juya babban haƙorin da ke bayan kwandon ambireyaj, akwai famfon mai, akwai wani ɗan kofi mai juyawa da ke tace dattin mai, ƙarfen kik ma ta jikin murfin yake fitowa, sandar duba mai ma a nan take. Dukkansu ɗaki guda suke kuma mai guda suke sha, wannan wajen lita ɗayan da kake zubawa ranar bidanj, wato juyen mai, shi ne na moter shi ne na giya shi ne na ambireyaj. Abin da yara da yawa ba su sani ba, cikin naman murfin kansa akwai hanyar mai, famfo na turo shi ya bi ta cikin murfin ya shiga wannan kofin sannan ya wuce cikin kurangashaf. In ka juya murfin ka goge shi da tsumma za ka ga ƴar ƙofar. Mai walda bai san da ita ba, shi ƙarfe kawai yake gani, ya yanke ko zafi ya lanƙwasa wurin, mai ya daina zuwa inda ya kamata, kai kuma ba za ka ji komi ba sai moter ya cije maka a hanya.

Kuma ko an ce an yi dabara an raba ɗakin, disk ɗin da ke ciki, wato faya-fayan ambireyaj, an yi su ne don su zauna cikin mai. Fatar da ke jikinsu mai ne ke sanyaya ta. Shi ya sa in za mu sa sabbi sai mun jiƙa su cikin mai tukun, wasu ma sai su kwana. Ka hana su mai, a wannan zafin namu na Damagaram, kana tsayawa kana tashi duk bayan taku kaɗan kana neman fasinja, kafin la'asar ka ji ƙauri.

Santsin da kake ji ba laifin zama cikin mai ba ne, moton ai cikin mai yake tun yana sabo kuma bai yi santsi ba. Abu na farko ka duba hannun ambireyaj, dole ya zama da ɗan wasa kafin ya fara jan waya, kamar santimita 1 zuwa 2 a bakin hannun. In wayar ta ɗaure tamau to kullum ambireyaj a ɗan buɗe yake ko ba ka taɓa shi ba, wannan kyauta ake gyara shi da ɗan sifana. In ba shi ba ne sai a tambaye ka wane mai kake zubawa. In ba shi ba ne sannan a buɗe a duba disk da resor. Haka ake bi, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Ɗalibin Makanik:

Baba ya gama magana, ni dai zan ƙara bayani kan Ducati ɗin ne don abokin naka rabin zancen ya ji.

Gaskiya ne Ducati sun yi suna da busasshen ambireyaj, kuma motocin tseren MotoGP shi suke amfani da shi. Amma su tun daga masana'anta aka zana moter ɗin haka, haƙoran da ke buƙatar mai suna ciki a rufe, akwai juwan sipi da ke tare mai a bayan kwandon, shi kuma kwandon da disk suna waje a ɗakinsu daban. Don haka in mai shi ya cire murfin ko ya sa mai ramuka ba abin da zai zubo. Amfaninsa ga ƴan tsere shi ne mai ba ya riƙe disk ɗin yana cin ɗan ƙarfi, garin da disk ke zubarwa ba ya ɓata man moter, kuma ana canza disk cikin sauri ba sai an zubar da mai ba. Wannan ƙarar kacau kacau da ta burge ka kunnuwan disk ne ke dukan yatsun kwando don babu man da zai kashe ƙarar, wato abin da kake jin daɗinsa cin ƙarfe ne yake yi a hankali hhh. Yana saurin ƙarewa, yana kamawa da fizga, ba ya son cunkoso.

Su kansu Ducati yawancin motocin da suke sayarwa yanzu na hawan yau da kullum, irin Monster da Multistrada da Scrambler, jiƙaƙƙe ne cikin mai, busasshen sai a irin Panigale V4 R da suka sa masa a 2019 wanda kusan na tsere ne. BMW ma manyan motocinsu masu silinda biyu a kwance sun daɗe da busasshe irin na mota, a 2013 da suka fito da sabon R1200GS suka koma jiƙaƙƙe. To masu kuɗin ma can suka nufa.

Shi kuma irin moter ɗinmu na 125 mai sandunan tura bawul asalinsa zanen Honda CG125 ne na 1975, da gangan suka yi shi don ƙasashen da ake loda wa moto kaya ba a kula da shi sosai. Ka tuna kuma inda muke. Murfi a buɗe cikin ƙurar hunturu, ko ka bi hanyar Tanut iska ta taso da rairayi, duk cikin disk zai shiga ya zama sanfefa. Ga damina ruwa ya kwanta a unguwa ka ratsa. Ga mai zani ko babbar riga a bayanka da abu na juyawa a buɗe kusa da ƙafa, Allah ya kiyaye.

Zancen mai kuma da Baba ya taɓo, nan ne mutane ke faɗawa. Man mota na zamani ana zuba masa sinadarin rage gogayya don mota ta rage shan esans, wato fetur, ita mota ambireyaj ɗinta ba ya cikin man moter don haka ba ruwanta, amma in ya shiga moto sai ya shafe fatar disk su riƙa zamewa. Saboda wannan matsalar ne Japan suka fito da ma'aunin JASO na man moto a 1998. Ka juya bayan galan ka nemi JASO MA ko MA2, shi ne na moto mai jiƙaƙƙen ambireyaj. In ka ga MB wannan na sukuta ne mai bel, don su nasu ambireyaj ɗin busasshe ne yana can baya wajen taya. Ka ga ashe busasshen ma yana yawo a gari kullum ba wanda ya kalle shi.

Kabu-kabu Tun Jiya:

Ni dai ban yarda a ce sai an sayi sabbin disk ba, malamai kuna magana kamar kuɗi a ƙasa ake tsinta. Wasa, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya, ake sa wa ƙarƙashin resor ɗin nan huɗu, ɗaya ɗaya, su ƙara matsewa shi ke nan santsi ya tafi, mutane nawa ke yawo da shi a garin nan lafiya lau. Murfi kuma ka bar shi ka saya masa fenti ja in kyau kake so.

Ɗan Garin Malam:

Na gode Baba Allah ya ƙara girma, na gode ɗalibi. Zancen yanka na ajiye shi. Na duba hannun yanzu akwai wasa daidai yadda kuka ce, don haka ba waya ba ce. Mai kuma na awo nake saye bakin hanya wanda ake ɗurawa a kwalba, babu rubutu balle in ga JASO. To in na zubar na sa na galan zai warke ko dole sai an buɗe? Sannan zancen wasar ƙarƙashin resor da Tun Jiya ya kawo fa Baba? Kuma na ga wasu murfin da gilashi ana hango ciki, shi ma matsala ne?

Baba Mai Garaj, Zango:

Ɗana fara da bidanj, ka zubar da shi moter na da ɗumi ka sa na galan 20W-50 mai MA ɗin da yaron nan ya faɗa. In santsin bai daɗe ba sau da yawa yana sakin sa bayan ƴan kwanaki, wani sai an sake juye na biyu. In fatar ta riga ta sha ta yi ƙyalli to ba makawa sai an buɗe.

Kai kuma Tun Jiya, wasa tana aiki ban ce ba ta yi ba, ni ma ina sa wa mutum in ya ce yau ba shi da ko dala kuma gobe yana da yara da zai ciyar. Amma ka faɗa masa sauran. Hannu zai yi tauri, mai kabu-kabu da ke matsa shi tun safe har dare yatsunsa za su gaya masa, waya na saurin tsinkewa, in kuma wasar ta yi kauri resor ya haɗe kafin disk su rabu sosai sai moto ya riƙa ja ko ka matse hannu, giya ta riƙa shiga da ƙara, fitar da ita ma ya zama aiki. Sannan disk da ya cinye ya cinye, in ka ci gaba da matsa shi fatar na ƙarewa ƙarfe ya hau ƙarfe, garin duk cikin man da moter ke sha yake tafiya.

In an buɗe ka tsaya a kai kar ka tafi shan shayi. A zaro disk ɗin a jere yadda suke, mai fata, na ƙarfe, mai fata, har ƙarshe. Mai fata in ya yi baƙi yana ƙauri ko tsagin da ke jikinsa ya shafe, ya tafi. Na ƙarfe in ya yi shuɗi shuɗi ya sha wuta ke nan, a ɗora shi kan gilashi a danna gefe, in yana rawa ya lanƙwashe a jefar. Resor a jera su kusa da sabo, in sun gajarce a canza su duka huɗun tare ba ɗaya ba. A shafa yatsa cikin yatsun kwando, in kunnuwan disk sun yi masa tsaga kamar zarto a ɗan goge da fayil in bai yi zurfi ba. Wajen ɗaurewa kusoshin resor a bi su a gicciye kaɗan kaɗan, aluminiyam ne ba ya son ƙarfin tsiya, yaran garaj nan suke karya su. A sa sabon juwan, wato abin da ake sawa bakin murfin don kar mai ya yoyo, kar a cika masa gam don gam ɗin na iya toshe ƴar ƙofar man da na faɗa maka. Tunda an buɗe kuma a kwance wannan kofin a kwashe dattin ciki, za ka sha mamakin abin da zai fito kamar tukunyar da ba a taɓa kankarewa ba.

Murfi mai gilashi shi ambireyaj ɗin yana nan cikin mai, taga ce kawai aka yi masa da roba mai kauri da juwan, ba ya ƙara ƙarfi ba ya ragewa. In wanda aka ƙera don irin moter ɗinka ne da hanyar mansa daidai, ba haram ba ne. Sai dai moton kabu-kabu faɗuwa ba ta yi masa wuya, ranar da ya kwanta ta dama kan dutse tagar ta tsage man duk ƙasa zai bi, kuma da man ya yi baƙi ba abin da za ka hango.

Kabu-kabu Tun Jiya:

To Baba na ji, amma nawa wasa na nan ciki kuma ba zan cire ba sai bayan Salla.

Ɗan Garin Malam:

Hhh Allah ya kai mu. Baba gobe in sha Allah bayan azahar zan biyo da galan ɗin ku duba mini bayansa kafin a zuba.