Neman kalmar Hausa: me za mu kira rigar da ake sawa saboda harsashi?

Mai tambaya, daga Kasala:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. An ba ni aikin mayar da wata takardar gargaɗi daga Larabci zuwa Hausa, wadda za a raba wa matasanmu na nan Sudan masu aikin sa-kai da ke rakiyar motocin abinci da magani, kuma dole in miƙa ta ranar Alhamis da safe, domin da yamma za a karanta ta a bainar jama'a saboda waɗanda ba sa karatu. Abin da ya tsayar da ni shi ne rigar da Larabawa ke kira "sutra waƙiya minar rasas". Takardar ta raba ta gida uku: mai laushi wadda ake saƙawa da wani zare mai ƙarfi da ake kira Kevlar, da wadda ake zura wa allo mai tauri a ƙirji da baya, da wadda aka yi domin wuƙa da tsinke. Na rubuta "rigar kariya" na goge, domin rigar ruwa ma kariya ce. Ina neman sunan da saurayi zai ji sau ɗaya ya san abin da ke jikinsa.

Malamin makaranta, daga Gadarif:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, rubuta "rigar sulke" ka wuce. Gidajen rediyon Hausa sun daɗe suna cewa "mota mai sulke", kuma babu mai sauraron da ya taɓa zaton an lulluɓe motar da zobban ƙarfe. Kalmar tana da asali a kunnen mutanenmu, domin duk wanda ya zauna wurin tafsiri ya ji ta a ƙissar Annabi Dawuda, alaihis salam, a Suratu Saba'i, inda aka tausasa masa ƙarfe aka umarce shi ya daidaita saƙar sulke.

Tsohon soja, daga Damazin:
Malam, ina girmama hujjarka, amma ni na sa wannan riga shekaru a jikina, kuma ina tsoron suna ɗaya ya haɗe abubuwa uku da ba aikinsu ɗaya ba. Mai laushin nan zare ne aka jera hawa-hawa, yana kama harsashin ƙaramar bindiga kamar yadda koma ke kama kifi, domin gudunsa bai cika wuce mita 400 a daƙiƙa ba. Harsashin kilash kuwa, wato bindigar AK-47, yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, ga kansa da tsini, saboda haka yana ratsa mai laushin ya wuce kamar ba a sa komai ba. Shi sai allon ƙarfe ko na tangaran, wanda kowane ɗaya yakan kai kilo 2 zuwa 3. Na tangaran ɗin da karyewa yake aikinsa: harsashi ya dake shi, shi ya tsage, harsashin ya farfashe. Na taɓa ciro allon wani yaro daga aljihun rigarsa bayan ta faɗo daga bayan mota, na ɗaga shi a hasken rana na ga tsaga siririya kamar gashi daga gefe zuwa tsakiya, alhali shi yana ta yawo da shi kwana da kwanaki yana ganin a tsare yake. Sannan wuƙa mai tsini tana iya raba zaren mai laushin ta shige, shi ya sa ake yi wa ta wuƙa gwaji nata daban.

Dattijo, daga Mai Wurno:
Ɗana na Damazin ya faɗi abin da kakanninmu suka sani tun kafin a haife mu, kuma shi ya sa ba su taɓa kiran kayan yaƙi da suna ɗaya ba. Sulke zobban ƙarfe ne, yana hana saran takobi, amma mashi mai tsini yakan buɗe zobe ya shiga. Lifidi kuwa ƙyalle ne da ake cusa wa auduga a ɗinke shi gida-gida, a sa wa doki da mahayinsa, shi ne ke shanye kibiya ya rage ƙarfin duka, kuma abin da yake tsoro shi ne wuta. Garkuwa ta fata ce, a hannu ake riƙe ta, kwalkwali kuma na ka ne. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke ƙasar Hausa. Ina yaro na ga ragowar wani lifidi a ɗakin kakana, audugar ta dunƙule ta yi baƙi, ɗinkin ya zame a kafaɗa, ya ce da shi aka taso daga yamma bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. A ganina, mai laushin nan taku jikanyar lifidi ce, ba ta sulke ba. Ku kira ta "lifidin zamani".

Marubuci, daga Makka:
Da izinin Baba, ni ban ga dalilin da za mu riƙa liƙa "zamani" a bayan kowace tsohuwar kalma ba, kamar harshenmu ya daina haihuwa. Shekara biyu ke nan ina amfani da "gagara-dalma" a rubuce-rubucena, a kan ƙirar "gagara-badau" da "gagara-gasa", kuma duk wanda ya ji ta yakan gane nan take. Na zaɓi "dalma" da gangan, domin "harsashi" ba tamu ba ce, "ar-rasas" ce ta Larabci aka lanƙwasa. Mu da muke zaune cikin Larabawa mu ya fi kamata mu yi hattara, domin a nan Makka 'ya'yanmu "dir'i" ta Larabci kawai suke cewa, ba su san sulke ba balle lifidi.

Malamin makaranta, daga Gadarif:
Idan za mu kori "harsashi" saboda asalinta, to sai mu kori "bindiga" da "albarushi" tare da ita, har ma da lifidin da Baba ya kawo, domin daga "libd" ta Larabci ta fito, kuma a kasuwar Gadarif har gobe "libda" ake ce wa abin da ake shimfiɗa wa jaki a baya. Kalmar da ta yi ɗaruruwan shekaru a bakin Bahaushe ta zama tasa.

Marubuci, daga Makka:
Malam, ba mamaki ka ce haka, domin Hausar Sudan ta riga ta jiƙe da Larabci har ba a jin bambanci. Da a Kano ko Zariya aka kawo "gagara-dalma", da masana sun karɓe ta hannu bibbiyu.

Dattijo, daga Mai Wurno:
Wannan magana ta yi mini zafi, kuma ba zan ɓoye ba. Fiye da shekara 100 muna bakin Kogin Nilu, da Hausa muke raɗa wa 'ya'yanmu suna, da ita muke ɗaura aure, da ita muke yi wa mamacinmu addu'a, ba tare da makaranta ko jarida ta taimake mu ba. Akwai kalmomin Sakkwato a bakin tsofaffinmu da matasan Kano ba su taɓa ji ba. Wanda ya ce yaransa "dir'i" suke cewa bai kamata ya auna Hausar wasu ba.

Marubuci, daga Makka:
Baba, ka gafarce ni, harshena ya zarce inda na nufa. Amma ban janye kalmata ba, domin har yanzu babu wanda ya nuna mini aibinta a nahawu.

Ma'aikaciyar jinya, daga Jidda:
Yaya, aibinta ba a nahawu yake ba, a alkawarin da take ɗauka yake. "Gagara" na nufin abin ya fi ƙarfin dalma ke nan, an gama. Mu kuwa al'umma ce da ta san maganin ƙarfe da maganin bindiga da wasan 'yan tauri, saboda haka saurayin da aka ce masa ga gagara-dalma a jikinka, zai ji ta da kunnen da yake jin laya. Ko Turawan da ke ƙera ta suna gudun cewa tana hana harsashi ɗungurungum, sai dai su ce tana jure masa zuwa wani mataki. A ma'aunin gwaji na Amurka ana ɗora rigar a kan yumɓu a harbe ta, kuma ana yarda ta ci jarrabawa ko da yumɓun ya lotsa har milimita 44. Ku auna wannan da yatsa a kan haƙarƙarinku. Na yi jinyar mutumin da rigarsa ta tare harsashi, babu huda ko ɗaya a fatarsa, amma gefen ƙirjinsa ya yi shuɗi kamar an zuba baba, haƙarƙari biyu sun karye, numfashi yana yi masa wuya. Wuya da hammata da cinya kuma duk a buɗe suke, a cinyar nan kuwa akwai babbar jijiyar da jininta ke iya ƙarar da mutum cikin 'yan mintuna.

Tsohon soja, daga Damazin:
Hajiya ta gama magana. Mu a nan Sudan muna da yaƙin Karari a gabanmu: ranar 2 ga Satumba 1898 mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, suka fuskanci bindigogin Maxim masu sarrafa kansu na Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, da masu da takubba, wasu manyansu da sulke a jiki, aka kashe musu fiye da 10,000 a wuni ɗaya, alhali waɗanda suka mutu a ɗaya ɓangaren ba su kai 50 ba. Jarumtaka ba ta yi ƙaranci a wurin ba, kayan ne ba a yi su domin wannan makami ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya haɗa sulke biyu ranar Uhudu, kuma duk da haka an ji masa rauni a fuska. Ina goyon bayan lifidin Baba ga mai laushi, domin wanda ya san lifidi ya san yana da iyaka.

Malamin makaranta, daga Gadarif:
Damuwata ita ce matasan da za a karanta wa takardar ba su san lifidi ba, sai wanda ya taɓa kallon hawan salla a waya. Zan yarda da shi idan aka bar "rigar sulke" a matsayin sunan da ya tattara duka ukun, sannan a yi bayanin lifidi a jimla ɗaya a farkon ambatonsa.

Mai tambaya, daga Kasala:
Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda na rubuta: kan takardar "Rigar sulke da iyakarta", mai laushi "lifidi, wato riga mai laushi da ke tare harsashin ƙaramar bindiga kawai", mai tauri "sulke mai allo", tare da gargaɗin a duba allon in ya faɗi ƙasa. Na cire "zamani" saboda maganar Yaya na Makka ta shige ni. Ta ukun ce har yanzu ban samu ba, na sa "rigar tare wuƙa" da fensir.

Marubuci, daga Makka:
Hujjar Hajiya ta fi tawa a wannan takarda, tunda rayukan yara ne a ciki, kuma na yarda kada a sa "gagara-dalma" a can. A rubutuna na adabi zan ci gaba da amfani da ita. "Rigar tare wuƙa" kuwa bayani ne, ba suna ba ne, kuma ina roƙon a bar ta da fensir ɗin har bayan Alhamis mu sake zama a kanta.

Dattijo, daga Mai Wurno:
A bar ta da fensir. Gobe bayan sallar Asuba zan tambayi wani tsohon maƙeri a unguwarmu ko iyayensa suna da sunan abin da ake ɗaurawa a ciki saboda suka, in ya tuna zan aiko muku kafin Azahar.