Wace kalma za mu ba "theory of mind" a Hausa?

Jama'a, kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya min a wuya. Ina fassara ɗan littafin horar da malaman ƙananan yara, a babin da ke bayanin yadda yaro ke fahimtar ɗan ajinsu mai wata matsala ta ɗabi'a ko ta ƙwaƙwalwa, sai na ci karo da theory of mind. Babin gaba ɗaya a kanta ya rataya, ba dama in tsallake.

Abin da ake nufi shi ne yaro ya gane cewa abin da ke cikin kan wani daban yake da abin da ke cikin nasa. Masu bincike biyu, David Premack da Guy Woodruff, su ne suka fito da sunan a 1978, kuma kan birai suke magana, ba yara ba. A 1983 Heinz Wimmer da Josef Perner suka gwada abin kan yara. Gwajin da ya fi shahara shi ne na 1985, da 'yartsana biyu. Ta farko ta saka ɗan ƙwallonta a kwando ta fita. Ta biyu ta ɗauke ta mayar cikin akwati. Sai a tambayi yaro: in ta farkon ta dawo, ina za ta duba? Ɗan shekara 3 yakan nuna akwati, domin a ganinsa abin da ya sani kowa ya sani. Daga wajen shekara 4 ne yaro kan nuna kwando.

To me za mu kira wannan?

Na fara da "nazariyar tunani". Na karanta wa wata malama a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, wannan kwas ne a jami'a?" Na goge nan take.

Wani abokina ya ce in sa "wayo" in huta, ai muna cewa yaro ya yi wayo. Ba ƙarya ya yi ba, ƙaryar farko ma da yaro ke shiryawa da kyau daga nan take fitowa, tunda sai ka san wani bai san abin da ka sani ba kafin ka yaudare shi. Amma wayo riga ce mai faɗi. Yaron da ya daina taɓa wuta ma ya yi wayo.

"Tausayi" fa? A nan na fi daɗewa, domin kowa shi yake fara kawowa, kuma kuskure ne. Ɗan damfara ya fi kowa sanin abin da ke zuciyarka, amma tausayinka ko ƙwayar zarra babu. Sanin daban, jin daban. "Fahimtar juna" kuwa ta zama ta masu sulhu. "Karanta zuciya" na ƙi ta da gangan: tana ƙamshin duba, kuma tana nuna kamar ana ganin cikin mutum ƙarara, alhali kintace ne kawai.

Abin da ya warware min a gida ya faru. 'Yata mai shekara 4 ta dawo tana ba da labarin wani yaro a ajinsu da ba ya zama wuri ɗaya, yana katse malama, yana zubar wa mutane da fensir. Hukuncinta gajere: "Baba, ba ya jin magana." Yayanta mai shekara 9 yana cikin cire takalmi, bai ko ɗago ba ya ce, "Wataƙila yana so ya zauna, kasawa yake." Na daɗe ina juya maganar nan. Ita aikin ta gani. Shi kuma ya hango wani abu can bayan aikin, bai tabbatar ba, shi ya sa ya ce wataƙila.

Jean Piaget, masanin tunanin yara, ya lura da irin wannan tun 1932: ƙaramin yaro yakan ce wanda ya fasa kofi 15 bisa kuskure ya fi laifi a kan wanda ya fasa ɗaya yana cikin yin abin da aka hana shi. Yawan ɓarna yake aunawa, niyya sai ya ƙara girma. Kuma ƙananan yara sun fi saurin lura da mai duka da mai ihu a kan wadda ke rakuɓe a lungu ba ta kula kowa.

Ga abin da na tsaya a kai: tsinkayen zuci.

Tsinkaya ita ce ka hango abu daga nesa, ka ga alamarsa, mai yiwuwa ka dace, mai yiwuwa ka kuskure. Zuci kuwa muna da ita a "zancen zuci", kuma a Hausa zuciya ce ma'ajiyar tunani: na raya a zuciyata, na ce a zuciyata. Na zaɓi "zuci" maimakon "zuciya" don kada wani ya zaci maganar likitan zuciya ake.

Akwai wani dalilin da ya ƙara min son ta. A gwajin 1985 ɗin, yara 16 cikin 20 masu otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane) akwati suka nuna, daga nan aka shafe shekaru ana cewa masu otizim ba su da wannan baiwa. A 2012 wani mai bincike, Damian Milton, wanda shi kansa yana da otizim, ya ce rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce, mu ma ba ma gane su. Kalmar tsinkaye ta ɗauki wannan ba tare da wahala ba, domin nisan da ke tsakanina da kai shi ne tsakaninka da ni.

Na gwada ta a jimla: "Yaron ya fara tsinkayen zuci." "A taimaka wa yara su tsinkayi zucin ɗan'uwansu kafin su kira shi mara ji." Na sake kiran malamar nan na karanta mata. Ta ce ta farkon ta zauna, ta biyun kuma in mayar da ita "su tsinkayi abin da ke zuciyarsa", domin "zucin ɗan'uwansu" ta yi mata nauyi a baki. Na gyara.

Ranar Litinin zan miƙa aikin. Mai wadda ta fi wannan, ya kawo kafin nan.