Neman asalin kakannin matata a wani ƙauyen Ingila, ta ina zan fara?

Baban_Iman: Salam jama'a. Matata Baturiya ce, yaranmu sun fara tambayar dangin mamansu, ni nawa ɓangaren dama ba wahala tunda tsoffi na nan a gida za su zayyano maka har kaka na biyar. Toh mun samu kakan kakanta a ƙidayar 1881 yana zaune a Middlesbrough, shekarunsa sun nuna wajen 1832 aka haife shi, garin haihuwa kuma an rubuta Burnham, Norfolk, daga nan muka tsaya cak. Surukata kuma ta dage wai suna da alaƙa da Nelson, wancan kwamandan sojan ruwan. Dan Allah wa ya san hanyar?

Malam_Tarihi: Wa alaikumus salam. Matsalarka ta farko Burnham ba ɗaya ba ce, akwai Burnham Market, Burnham Thorpe, Burnham Overy, Burnham Norton, Burnham Deepdale, duk a jere kusa da bakin teku kuma kowanne da cocinsa da littafinsa. Ta biyu, gwamnati ba ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1 ga Yuli 1837, kaga shi ba shi da satifiket na haihuwa kenan, sai littafin baftisma na coci.

Amma kar ka yi tsalle can tukuna. Nemo satifiket ɗin aurensa, wannan bayan 1837 ne, kuma a ciki ana rubuta sunan uban ango da sana'arsa. Ka bincika a FreeBMD, shafin intanet mai jerin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kyauta ne, sannan ka yi oda daga GRO, babban ofishin rajista na gwamnati. Bayan nan ka dawo ƙidayar 1851, ita ce ta fara rubuta ainihin garin da aka haifi mutum. Ta 1841 tambaya kawai take ko a wannan gundumar aka haife ka ko a'a, kuma shekarun manya rage su ake yi zuwa biyar-biyar, mai 29 sai ka ga 25, kar wannan ya ruɗa ka.

Hajiya_Norwich: Ni a Norwich nake, ofishin adana takardun Norfolk yana nan garin. Kafin ka kashe kuɗin jirgin ƙasa ka gwada shafukan intanet na FreeREG da FamilySearch masu ɗauke da bayanan littattafan coci, Norfolk suna da yawa sosai a ciki. Ka ci sa'a ma, daga 1813 littafin baftisma fom ne bugagge, akwai gurbin sana'ar uba da inda suke zaune, shi zai raba maka gardama in ka tarar da yara biyu suna ɗaya shekara ɗaya, kuma wallahi za ka tarar, mutanen nan John da William da Mary suke ta juyawa. In ba ka gan shi ba kar ka ce babu, ƙila 'yan ɗarikar Methodist ne, littafinsu daban yake. Rubutun sunan gida ma kar ka riƙe shi da ƙarfi, yawancin leburorin gona ba su iya karatu ba, yadda limamin cocin ya ji haka yake rubutawa.

Maganar Nelson kuwa hhh, a Burnham Thorpe aka haife shi 1758, babansa ne limamin cocin ƙauyen, shi ya sa duk wanda ya fito yankin sai ya laƙaba kansa. Ka lallaɓa surukarka dai, amma kar ka sa a bishiyar zuriyar sai da takarda.

Baban_Iman: Na gode ƙwarai Malam, Hajiya Allah ya saka. Har wace shekara mutum zai iya komawa baya?

Malam_Tarihi: Tun 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na takwas, ya ba da umarnin ajiye littattafan coci, amma coci kaɗan ne nasu ya kai can, kuma lokacin yaƙin basasa na shekarun 1640 akwai giɓi da yawa. In shafi ya ɓace ka nemi kwafin da ake aika wa bishop duk shekara. In ka kai ƙasa da 1752 kuma ka tuna sabuwar shekararsu 25 ga Maris take farawa, baftismar da aka rubuta Fabrairu 1740 a lissafinmu 1741 ce.