Regression da Hausa: ni dai na tsaya a kan "fami"

Ranar Asabar da la'asar, a ɗan ofishinmu da ke kusa da Tashan Dukku, ina koya wa yara uku rubuta gwajin manhaja da Playwright, wata manhajar gwada shafukan intanet, sai ƙaramarsu ta katse ni: "Malam, shi wannan regression da kake ta ambata, mene ne sunansa da Hausa?" Na ce koma-baya. Tun kafin in rufe baki na ji kalmar ba ta zauna ba. Koma-baya ai ta 'yan siyasa ce da masu sharhin tattalin arziki a rediyo. Ka ce wa mai shago manhajarsa ta samu koma-baya, zai ɗauka ciniki ne ya ja baya.

Abin da masu kod ke nufi da kalmar ƙunci gare shi. Abu ne da jiya yake aiki lafiya lau, yau ka taɓa wani wuri, sai ya lalace. Sau da yawa ma tsohuwar tangarɗa ce da aka riga aka gyara, aka manta da ita, ta sake ɗago kai.

Bari in ba ku labarin Mu'azu. Bara waccan mun yi wa wata makaranta a nan Gombe shafin biyan kuɗin zango. Komai daidai, har ranar da ma'ajin makarantar ya kira ni yana faɗa, wai in ya nemi sunan wani yaro sai shafin ya yi fari fat. Na ce wane suna? Ya ce Mu'azu. Na gwada Musa, lafiya. Na gwada Sa'adatu, fari fat. 'Yar alamar nan da ke tsakanin u da a ce musabbabi. A harshen SQL, wanda ake ba rumbun bayanai umarni da shi, da ita ake buɗe rubutu a rufe shi, don haka rumbun bayanai na ganin ta sai ya ɗauka suna ya ƙare a "Mu", ragowar "azu" kuma umarni ne da bai gane ba. Ta wannan ƙofar ce kuma masu kutse ke zura nasu umarnin, shi ya sa gabana ya faɗi. Muka gyara yadda ya kamata: umarni daban, sunan da aka shigar daban, ba a manna su wuri guda.

Wata biyar bayan nan abokin aikina ya sake rubuta shafin binciken don ya ƙara sauri. Ya ƙara saurin kuwa. Amma a gaggauce ya koma manna suna a jikin umarni, ga Mu'azu ya dawo, ana tsakiyar biyan kuɗin zango na uku, iyaye sun yi layi a rana. Da na gano, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, ka fama mana ciwo."

To ga kalmar. Fami. Duk wanda ya taɓa yin tuntuɓe da yatsan da ya fara warkewa ya san ta, ba sai an buɗe masa ƙamus ba. Akwai tsohon ciwo a cikinta, akwai warkewa, akwai kuma wanda ya zo ya taka ba da niyya ba. Gajeriya ce, kuma tana lanƙwasuwa yadda aiki ke so: an yi fami, ka fama shafin biya, gwajin fami bai wuce ba.

Na kai wa kawuna maganar, tsohon malamin Hausa ne da ya yi ritaya. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, fami sai da miki. Wurin da bai taɓa ciwo ba fa, in gyaranka ya ɓata shi?" Gaskiyarsa. Shi ya fi son gyaran gangar Auzinawa, ko a ɗauko daga garin gyaran gira a rasa ido. Ma'ana kam sun cika ta fam. Sai dai na ce, Kawu, wa zai riƙa rubuta "gwajin gyaran gangar Auzinawa" sau ashirin a yini? Karin magana na zaman hira ne, mu kuwa suna muke nema da zai shiga kan fayil.

Wanda ya fi ba ni wahala wani aboki ne daga Bauchi da ya yi karatu a jami'ar ATBU. Shi warwara ya kawo, daga tufka da warwara: kana tufka igiya ta nan, tana warwarewa ta can. Wallahi na kwana biyu ina juya ta, don ta rufe giɓin da Kawu ya nuna. Abin da ya kayar da ita shi ne mun riga mun ba wa "warware" aikin alheri. In na aika wa mai makaranta saƙo cewa shafin biya ya warware, hamdala zai yi, ya ɗauka matsala ta kau. Kalmar da za ta iya zama albishir ko mummunan labari ba ta dace da saƙon gaggawa ba.

Amsata ga Kawu ita ce, a aikace yawancin gwaje-gwajen irin wannan daga miki suke fitowa. Ƙa'idar da aka saba ita ce duk tangarɗar da ka gyara, ka rubuta mata gwajin da zai kama ta in ta dawo. Da mun yi wa Mu'azu haka tun farko, da abokin aikina bai kai ga tura gyaransa ba sai jar alamar faɗuwar gwaji ta tare shi. Ragowar ma'anar kuma kalma ce za ta faɗaɗa ta ɗauka, kamar yadda linzami ya tashi daga bakin doki ya zo ya zauna kusa da kwamfuta ba wanda ya yi ƙorafi.

Su kansu Turawan ba da taron ƙwararru suke raɗa sunayensu ba. Selenium, da Jason Huggins ya fara a 2004 a kamfanin ThoughtWorks, sunan zolaya ne: akwai kamfanin kayan gwaji mai suna Mercury, wato zaiba, shi kuwa sinadarin selenium an san shi da karya dafin zaiba. Playwright na Microsoft da muke aiki da shi sai a 2020 ya fito. Aikinsu ɗaya: su buɗe burauza da kansu, su cike gurabe, su danna maɓalli, su duba ko abin da ya kamata ya fito ya fito. In kuma fami ya riga ya auku ba ka san wanda ya taka ba, Git, manhajar da ke ajiye tarihin kowane gyaran kod, na da umarnin bisect. Ka nuna masa ajiyar da take lafiya da wadda ta lalace, ya riƙa raba tsakani biyu-biyu. Ko ajiya 1000 ce, a gwaji kamar 10 zai damƙo mai laifin. Yaran sun riga sun sa masa suna "neman wanda ya taka".

Yanzu a kowane aikinmu akwai fayil mai suna fami. Na makarantar nan yana shigar da Mu'azu, Sa'adatu, Ɗanjuma da Ƙasimu ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da wani ya tura gyara, don ƙugiyoyin ɗ da ƙ ma sun taɓa rikiɗe mana zuwa alamar tambaya a jikin rasit. Jiya da azahar yarinyar nan ta leƙo daga bayan kwamfutarta ta ce, "Malam, an yi fami a shafin rasit." Na duba, ni ne na taka.