A kwamfuta lafiya lau, a ɗakin gwaji allona ya watsa min ƙasa a ido

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Wata bakwai ina kan aikin digiri na biyu, asali ma ba wannan batun na zaɓa ba, sai da na gama babi biyu malamina ya canza min, ga shi saura sati shida in kare aikin. Metasafes, wato allo mai ƙananan zane-zane da ke sarrafa igiyoyin rediyo, nake haɗawa don rage igiyoyin da ke koma wa rada a zangon 8 zuwa 18 GHz (ma'aunin saurin kaɗawar igiya). Zubin dara ne, gida iri biyu, igiyoyin su dawo da saɓanin digiri 180 su kashe juna. A CST, manhajar gwaji ta kwamfuta, ragin ya haura 10 dB (wato ƙarfin abin da ke dawowa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba), amma da muka auna, daga 13 GHz komai ya rushe. Ko barci ba na yi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. FR-4 ka sa, kayan allon lantarki na gama-gari, ko? Ciwonka ke nan. Wannan 4.4 da ka ba kwamfuta a matsayin lambar halin lantarki na FR-4 (permittivity) ba a tsaye take ba, tana gocewa idan GHz ya hau, alhali 10 dB ba ya samuwa sai saɓanin bai kauce wa 180 da fiye da digiri 37 ba. Koma allon kamfanin Rogers kawai.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe, na ga waɗanda suka yi da FR-4 kuma ya yi musu.

'Yar dakta: Ba ka faɗi girman allon ba, balle nisan eriya. Allo mai faɗin santimita 30, a 18 GHz sai ka ja baya kusan mita 11. Ni dai wata biyar na yi ina jiran layin ɗakin gwaji, ranar da aka kira ni na'urar ta lalace, har yau ba wanda ya ce min sannu.

Tsohon ɗalibi: Dara ba ta shanye igiya fa, watsa ta take kusurwa huɗu. Gwada zubin 0 da 1 irin na masanin nan Tie Jun Cui na 2014, wato gida ɗaya 0 ɗayan 1, ka hargitsa jerin.

Injiniya: A sati shida? Kada ku ruɗa yaro. Na ce Rogers.

Mai tambaya: Yaya, nisan ba shi da matsala, mai kula da ɗakin ne ya saita. Malamina kuma ba zai yarda a taɓa zubin ba. Babu wata dabara ba tare da sake buga allo ba?

'Yar dakta: To mita nawa ya saita?